Na sayi sabon babur na daji, ina neman shawara kafin fitata ta farko

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara takwas ke nan ina hawan babur, amma duk a kan kwalta, ban taɓa sauka daga titi da gangan ba sai dai idan zan kauce wa rami. Makonni biyu da suka wuce na sayi Honda CRF300L sabo dal, kuma zuwa yau kilomita 180 kacal na yi da shi, tsakanin gida da wurin aiki. Wasu abokaina uku da suka daɗe suna shiga daji da babura sun gayyace ni fita ranar Asabar mai zuwa. Yadda suka kwatanta mini, tafiyar za ta kai kilomita 120 zuwa da dawowa, akwai burji, akwai wani dogon yashi, akwai tudu mai duwatsu, sannan akwai rafi guda da za a tsallaka, wanda suka ce ruwansa bai wuce gwiwa ba.

Na amsa musu da baki, amma tun daga ranar zuciyata ba ta kwanta ba. Injin bai saki ba tukuna, kuma ina gudun kada in wahalar da shi tun yana ɗanye. Tsayin kujerar santimita 88 ne, ni kuwa ba dogo ba ne, idan na tsaya da ƙyar yatsun ƙafafuna suke taɓa ƙasa, ga shi nauyinsa ya kai kilo 142. Abu na ƙarshe, wanda nake jin kunyar faɗa, shi ne ina tsoron ya faɗi ya kuje, domin ko ledar kujera ban cire ba har yanzu. Shin in bi su ko in haƙura? Idan kuma zan je, me ya kamata in shirya?

Tsohon makanike:

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya sa alheri, ya tsare ka da abin hawanka. Ni ta ɓangaren inji zan yi magana, domin nan ne na san abin da nake faɗa.

Ka buɗe littafin da aka ba ka tare da babur ɗin, za ka ga an ce a kilomita 500 na farko a guji murɗa totur har ƙarshe, a guji fizga da birki mai tsanani, sannan a yi juyen baƙin mai na farko a kilomita 1,000. Wannan ba ya nufin an hana ka taka ƙasa. Hanyar burji mai sauƙi, inda kake yawan canja giya, injin yana hawa yana sauka, ta fi masa amfani a wannan lokaci bisa ga ka miƙe a kan titi da gudu iri ɗaya na tsawon sa'a guda. Abin da ban so ba a cikin bayaninka shi ne dogon yashin nan. Sabon shiga idan ya afka yashi yakan kafe, idan ya kafe kuma sai ya riƙa ba inji wuta yana riƙe da rabin kuloci, taya tana haƙa rami, babur ba ya tafiya balle iska ta bugi lagireto. Zafi ke nan a kan zafi, kuma farantan kuloci ne suke biyan kuɗin. Tsohon inji zai jure wannan, amma wanda bai cika kilomita 200 ba, ban ga dalilin ɗora masa ba.

Ko ina za ka, daren Juma'a ka zauna da babur ɗin. Ka ɗauki ƙaramar sifana ka bi wayoyin wili ɗaya bayan ɗaya kana ƙwanƙwasawa. Mai ƙarfi za ka ji ta yi ƙara siririya kamar an taɓa tsirkiya, wadda ta saki kuwa sai ka ji ta yi dum. Wayoyin sabon wili sukan saki a makonnin farko, kuma dutse ba ya yi musu sassauci. Ka duba sakin sarƙa yadda littafin ya nuna, kada ka ɗaure ta tamau irin ta babur ɗin gari, domin ƙafar baya ta wannan tana hawa da sauka har santimita 26, sarƙar kuma tana bukatar sarari ta bi ta. Ka bi notuna ka taɓa, ka duba baƙin mai da ruwan lagireto.

Maganar rafi kuma, da suka ce gwiwa, ka tambaye su gwiwar wa, kuma a wane wata suka auna. Inji yana shaƙar iska ta akwatin da ke ƙarƙashin kujera, idan babur ya kwanta a ruwa yana kunne zai zuƙi ruwan zuwa cikin silinda. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, saboda haka fistin zai daki abin da ba ya motsi, sandar da ke riƙe da shi ta lanƙwashe. Idan hakan ta taɓa faruwa da kai, ka kashe shi nan take, kuma kada ka kuskura ka danna sitata sai an cire fulogi an fitar da ruwan, an duba matatar iska, an ga ko baƙin man ya koma fari kamar madara.

Wani da ya daɗe a harkar:

Baba makanike ya gama da inji, ni bari in yi maganar mahayin. Ɗan'uwa, amsata kai tsaye ita ce kada ka bi su wannan Asabar ɗin. Ba don abokanka miyagu ba ne, sai don ƙwararru uku idan suka haɗu ba sa sanin suna gudu. Za su yi gaba su jira ka a mararraba suna hutawa, kana isowa a jigace su ce to mu je, ka ga su sun huta sau goma kai ko sau ɗaya ba ka huta ba. Mutum kuma yakan faɗi ne idan ya gaji, hannuwansa sun sandare, ya fara bin ƙurar na gaba maimakon ya dubi hanya. Haka aka yi mini a fitata ta farko. Awa uku ina lafiya, a ta huɗu na kasa matse birki da kyau saboda damatsana sun ƙage, na tafi a hankali kamar mai neman wurin zama na kwanta cikin wata ƙaya. Sati guda ana cire mini tsini a cinya.

Ka zaɓi mafi haƙuri a cikin ukun nan, ka roƙe shi ku fita ku biyu, kilomita 20 ko 30, a wurin da ya sani kuma waya tana kamawa. Ku sami fili ku yi awa guda kuna maimaita abubuwa kaɗan.

Na farkonsu tsayuwa a kan matakan ƙafa. Shekara takwas ɗin da ka yi a kwalta sun koya maka zama daram, a daji kuwa zama ne yake sa kowane dutse ya doke ka a ƙugu. Ka miƙe, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe suna rungume da babur, gwiwar hannu a buɗe a sama, kanka daidai saman kan babur, ka saki hannunka kada ka damƙe kamar za a ƙwace maka. A haka ƙafafunka suke shanye girgizar, babur ɗin yana rawa a ƙarƙashinka kai kuma kana tsaye cak. Da farko za ka ji kamar ka yi nisa da ƙasa, amma cikin minti ashirin za ka ga ya fi sauƙi. Idan ka tsaya ka ji dole sai ka lanƙwasa wuyan hannu kafin ka kamo birki da kuloci, ka sassauta notinsu ka ɗan karkatar da su ƙasa.

Sai ido. Inda ka kalla nan babur zai je, wannan ba camfi ba ne. Idan ka ƙura wa dutse ido kana cewa kada in hau shi, to ka hau shi ka gama. Ka dubi sararin da ke gefen dutsen, kuma ka riƙa jefa idonka can gaba, ba kan tayar gaba ba.

Birki ma sai ka sake koyonsa. Na gaba shi ne mai ƙarfi ko a ƙasa, amma da yatsa ɗaya ko biyu ake matsa shi a hankali, kuma babur yana miƙe, domin idan ka cafke shi a kwana a kan tsakuwa tayar gaba za ta zame kafin ka ƙifta ido. Idan naka mai ABS ne, wato na'urar da ke hana taya kullewa idan an matse birki da ƙarfi, akwai maɓallin kashe na ƙafar baya, ana danna shi babur yana tsaye, kuma duk lokacin da ka kashe makulli ka sake kunnawa sai ya dawo, saboda haka ka riƙa tunawa. A gangara ka sa giya ɗaya, ka ja jikinka baya, ka bar inji ya riƙe ka, kada ka matse kuloci ka sake shi ya gangara da kansa. Yashi kuwa idan lokacinsa ya zo, dabararsa ta saɓa wa hankali: jiki baya, wuta daidai ba yankewa, kan babur yana kaɗawa kana ƙyale shi. Ranar da ka tsorata ka saki totur, gaba ya nutse, kai kuma ka wuce ta samansa.

Wani matashi:

Ranka ya daɗe, ka rage iskar taya zuwa 12 a ma'aunin iska na PSI, za ka ji kamar an shimfiɗa maka katifa, kuma taya za ta kama ƙasa sosai. Mu haka muke yi kullum.

Tsohon makanike:

Yaro, ku naku baburan tsere ne, kuma akwai ƙarfen da yake danne bakin taya a jikin rim. Nasa bai zo da shi ba. Idan ya sauke iska zuwa 12 ya ba da wuta, taya tana iya juyawa a kan rim ta ja tiyub ta tsinke bawul, ko kuma ya daki dutse rim ya cije tiyub ɗin ya huda shi wuri biyu. Kamfani ya rubuta 22 gaba da baya. Idan zai rage don ƙasa, ya tsaya wajen 18, ya tafi da ma'auni da ƙaramin famfo, ya mayar kafin ya hau kwalta. Ya kuma ɗauki ƙarafan cire taya da tiyub ɗaya na inci 21, domin na gaba yana iya shiga tayar baya mai inci 18 ya fitar da mutum daga daji, na baya kuwa ba zai shiga gaba ba.

Wata ma'aikaciyar jinya:

Malam, ni ma ina hawa, kuma na fi ka gajarta, don haka maganar tsayi kada ta hana ka barci. Ba a bukatar ƙafa biyu a ƙasa. Kafin ka tsaya ka zaɓi ɓangare ɗaya, ka zame ɗuwawunka zuwa can, ka dasa ƙafa ɗaya sosai, ɗayar tana kan mataki. Ka dai lura da inda za ka tsaya, idan wurin yana da karkata ka sauke ƙafar da ke ta wajen tudu.

Abin da ya sa na shigo shi ne ban ga ka ambaci abin da za ka sa a jikinka ba, kana ta jimamin fentin babur. A wurin aikina na ga abin da kilo 142 yake yi wa idon sawu idan ya danne shi a kan dutse. Hular kwano mai rufe haɓa, tabarau na ƙura, safar hannu, makarin gwiwa, da takalmi mai tauri wanda ya kai ƙwauri, idan babu waɗannan ka ɗaga tafiyar. Ka ɗauki ruwa fiye da yadda kake zato, ka gaya wa wani a gida inda za ku da lokacin da za ku dawo.

Babur ɗin kuma zai faɗi, gara ma ka kwantar da shi da hannunka a kan ciyawa ka koyi ɗagawa. Ka kashe inji, ka bar shi a giya don kada ya gudu, ka juya masa baya ka tsuguna ƙugunka a jikin kujera, hannu ɗaya ya kama kan babur ta ɓangaren da ke ƙasa, ɗayan ya kama ƙarfe a bayan kujera, sannan ka tura da ƙafafu kana ja da baya kaɗan-kaɗan. Idan ta dama ya kwanta, ka fara buɗe ƙarfen da ake kafe shi da shi, kada ka ɗaga ya bi ta ɗaya gefen. Ka kiyayi salansa, tana ƙuna.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na dawo in ba ku labari. Ban bi su ba. Ɗaya daga cikinsu ya yarda muka fita ranar Lahadi mu biyu, muka yi kilomita 34. Baba, na ƙwanƙwasa wayoyin kamar yadda ka ce, na sami biyu a ƙafar baya da suka yi dum, aka ɗaure. Iska na bar ta a 18.

Sau biyu na faɗi. Na farko a fili ne, ina gwada juyawa a tsaye sai injin ya mutu, na nemi ƙasa da ƙafa ban same ta ba. Na biyu a wani ɗan guntun yashi da bai fi taku ashirin ba, kan babur ya fara kaɗawa, na san sarai an ce kada in saki wuta, amma hannuna ya saki kafin in yi shawara da shi. Hannun kuloci ya ɗan lanƙwashe, robar gefen hagu ta kuje, kuma Hajiya, dabarar ɗagawar ta yi aiki duka biyun. Ledar kujera na cire ta tun a awa ta farko, domin zamewa nake yi a kanta duk lokacin da na taɓa birki.

Yau kwana biyu ke nan cinyoyina suna ciwo, matakala ma da dabara nake sauka. Tambayar da ta rage mini ita ce hannun kulocin nan, in miƙar da shi ko in canja?

Tsohon makanike:

Ka canja. Alminiyom ne, idan ya lanƙwashe aka mayar da shi yakan tsage daga ciki, ya karye maka ranar da kake tsakiyar daji. Ka sayi biyu, ka ɗaura ɗaya, ɗayan ka sa a jakar sifanu, sannan ka sa makarin hannu mai ƙarfe a ciki kafin fita ta gaba. Tun da ka shiga ƙura, ka buɗe akwatin iska ka duba matatar, amma irin taka ba a wanke ta kuma ba a hura mata iska, idan ta toshe sabuwa ake sawa.