Ɗan kwikwiyona ya ƙi daina fitsari a cikin ɗaki, ku taimaka min

Salamu alaikum jama'a, don Allah masu kiwon kare ku ba ni shawara. Ina zaune a Aboabo nan Kumasi, na samo ɗan kwikwiyo ɗan wata 3 saboda gadi, ɓarayi sun dame mu a layinmu. Wurin kwanansa a baranda yake amma da an bar ƙofa a buɗe sai ya sulale ya shiga falo ya tsuguna a bayan kujera, kullum wuri ɗaya.

Ina fita da shi da asuba, da bayan ya ci abinci, da in ya tashi daga barci, tunda ƙaramin kare ba ya iya riƙe fitsari ya daɗe. Sai mu tsaya a tsakar gida yana ta shinshine-shinshine ba zai yi komai ba, muna dawowa ya saki. Na wanke wurin da Omo da Parazone har hannuna ya yi kaushi, duk da haka hancinsa na kai shi can. Abin da ya fi damuna maganar tsarki ce, Hajiya a falon take sallah, ta ce in bai daina ba in mayar da shi inda na ɗauko, ni kuma wallahi na shaƙu da shi.

Maƙwabcina ya ce in dinga dukansa ina goga hancinsa a fitsarin, zuciyata ba ta yarda ba, tsoro kawai zai sa mishi. Me kuke wanke ƙasa da shi warin ya fita gabaɗaya? Kuma yawan fitsarin nan kaɗan-kaɗan, al'ada ce ko in kai shi wajen likitan dabbobi?