Shin wasannin waya suna gyara hannun yaro wajen rubutu?

Uwar Tagwaye, Unguwar Rogo:
Assalamu alaikum. Tagwayena 'yan shekara huɗu sun shiga nazare a bana, kuma malamarsu ta ce suna ƙirga har ashirin da baki, amma idan aka ba su fensir sai su damƙe shi kamar muciya. Maƙwabciyata ta sa mini wani wasa a waya wanda yaro yake bin ɗigo-ɗigo da yatsa har harafi ya fito, sai dai talla ta yi masa yawa, ga cin data. Irin waɗannan wasannin suna gyara hannun yaro kuwa, ko ɓata lokaci nake yi?

Malamar aji ɗaya, Gangare:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Wasan yana koya wa yaro siffar harafi da inda ake fara ja, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ina samun yara da yawa masu juya 3 da 7 baya. Amma gilashin waya sulɓi gare shi, yatsa ɗaya kawai yake aiki, alhali riƙon fensir yana buƙatar yatsu uku su saba da danna takarda gwargwado. Shawarata ita ce duk harafin da suka bi a waya su sake shi nan take da alli ko gawayi a ƙasa, sannan a littafi. A wajen lissafi ne na fi ganin amfanin wasannin, muddin kika haɗa da abin da hannu zai taɓa. Ki zube tumatir biyar daga cefanen kasuwar Farin Gada, ki ɗauke biyu, ki tambaye su saura nawa. Yaron da ya haddace ƙirga kamar waƙa a nan yake tsayawa cak.

Baban Uku, Rikkos:
Dangane da talla, Hajiya, ki gwada Khan Academy Kids ko Duolingo ABC, domin dukansu kyauta ne kuma ba su da talla. Na farkon yana da ƙirga da tarawa, na biyun kuwa haruffa da karatu ne. Ki kula da lokaci kuma, domin a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada yara 'yan shekara 2 zuwa 4 su wuce awa ɗaya a rana a gaban waya ko talabijin.

Tsohon malami, Bukuru:
'Yata, ki lura cewa wasannin da aka ambata da Turanci suke magana, saboda haka babu ɓ, ɗ da ƙ a cikinsu, kuma yaro zai iya ƙirga har ɗari da Turanci amma a aike shi sayen ƙosai goma sha biyu ya tsaya yana kallon mutum. Waɗannan haruffa masu ƙugiya ke za ki rubuta musu da hannunki, kamar yadda malamin allo yake ɗora wa almajiri baƙi ya bi.