Ina za a koya mana taimakon wanda ya yanke jiki ya faɗi?

Ɗan Nima:
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah ina da tambaya, abin ya tsaya min a rai. Ran Talata bayan magariba wani dattijo maƙwabcinmu ya yanke jiki ya faɗi a bakin masallaci, takalmi ƙafa ɗaya ma bai gama sawa ba, wlh mun fi mu ashirin a kansa amma ba wanda ya san abin yi, wannan na yayyafa masa ruwan buta wannan na fifita da kwali wani na ƙoƙarin ɗura masa fiya wata, kafin a ɗauko shi ta lungunmu da mota ba ta shiga a samu tasi an ɓata lokaci sosai. Muna isa asibiti suka ce ya cika. Na san kwana ne ya ƙare, amma da nas ta tambaye ni ko an danna masa ƙirji sai na tsaya ina kallonta kawai. Ina ake koyon wannan a nan Akra?

Anti Nas Mamobi:
Allah ya jiƙan Baba. Ƙanena ka daina ɗora wa kanka laifi, ba a koya muku ba ne. Abin da ta ce sunansa CPR, wato danna ƙirji dan jini ya ci gaba da zagayawa in zuciya ta tsaya. In mutum ya faɗi ka jijjiga kafaɗarsa ka kira shi, in bai amsa ba kuma ba ya numfashi ko yana wani irin gurnani jefi-jefi, toh nuna mutum ɗaya da yatsa ka ce wane kira 112 ko 193, dan in ka ce "a kira ambulan" kowa zai zaci wani ya kira. Kwantar da shi rigingine a ƙasa ba kan katifa ba, ɗora hannu kan hannu a tsakiyar ƙirji, miƙe gwiwar hannu ka danna da ƙarfi ya lotsa kamar santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti. In ka gaji wani ya karɓa, kar a tsaya sai ya farfaɗo ko ma'aikata sun iso. Ƙwaƙwalwa in ta yi minti 4 zuwa 6 ba iska ta fara lalacewa, shi ya sa gudun neman tasi ke cinye mu. Kuma dan Allah a daina ɗura wa wanda ya suma ruwa, huhu yake tafiya. Red Cross da St John Ambulance duk suna koyarwa da ɗan mutum-mutumin roba.

Tela Kantamanto:
In za ku kira su ku haɗa da ƴan kwana-kwana, suna zuwa kasuwa da makarantu su nuna. Ni gobarar kasuwar Kantamanto ta Janairun 2025 ta ci shagona da keken ɗinki biyu, tun daga nan na daina wasa da wuta. Matan gidanmu a baranda ɗaya suke girki silinda kusa da kurfot ga yara. In kun ji warin gas kar a kunna fitila, rufe kan silinda a buɗe taga. Man suya in ya kama wuta marfi ake kifawa ba ruwa ba. Lambar ƴan kwana-kwana 192.

Maman Biyu:
Anti to in mace ce ta faɗi kuma maza ne kaɗai a wurin fa? Sannan ƙuna, mu dai makilin ko ɗanyen ƙwai muke shafawa.

Anti Nas Mamobi:
Maman Biyu a bar makilin da ƙwai, ruwan famfo mai sanyi za ki yi ta kwararawa minti 20, ba ƙanƙara ba, kar a fasa bororon. Batun mace kuwa larura ce ta rai, wanda ke kusa ya danna, amma shi ya sa nake so mata su fi yawa a ajin.

Ɗan Nima:
Na gode Anti. Gobe bayan asuba zan samu Liman, in ya yarda a yi a makarantar Islamiyya ran Lahadi, maza da safe mata bayan la'asar.