Muhawara: Idan yatsu suna motsi, ashe ba karaya ba ce?

Mai tsaron gida: Assalamu alaikum. Kimanin wata guda ke nan da na faɗi a filin ƙwallon unguwa, na dafa ƙasa da tafin hannun dama, kuma har yau gindin babban yatsana yana ciwo duk lokacin da na murɗa makulli ko na ɗaga bokiti. Kawuna ya ce tunda yatsun suna motsi targaɗe ne kawai, babu dalilin zuwa asibiti. Ina neman shawararku.

Tsohon ɗan dambe: Wa alaikumus salam. Ɗana, maganar kawunka tana kan hanya, domin karaya ba ta ɓuya. Da ƙashi ne ya karye, da kumburi da raɗaɗi sun hana ka barci tun daren farko. Ka je wurin mai ɗori ya ja maka hannun, ya shafa man shanu, sannan ka huta da tsaron raga.

Ma'aikaciyar jinya: Baba, a gafarce ni, amma motsin yatsu ba hujja ba ne. Tsokar da ke lanƙwasa yatsu tana tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, jijiyoyinta ne kawai suke ratsawa zuwa yatsun, saboda haka suna iya aikinsu ko da ƙashi ya tsage a ƙarƙashinsu. A wuyan hannu akwai ƙananan ƙasusuwa 8, kuma wanda ya fi yawan karyewa idan mutum ya faɗi ya dafa ƙasa shi ne wanda likitoci suke kira sikafoyid, daidai wurin da ƙaninmu ya ambata. Sau da yawa ba ya kumbura sosai, shi ya sa ake ɗaukarsa targaɗe.

Malamin makaranta: Hajiya, ban ƙi bayaninki ba, sai dai na san wanda ya biya kuɗin hoton ƙashi a ranar da ya faɗi, aka ce ba a ga komai ba, alhali kuwa akwai karaya. Idan hoton ma yana kuskure, ina amfanin kashe kuɗi da wuni a layi?

Ma'aikaciyar jinya: Malam, haka ne, hoton farko yana iya rasa wannan tsagewa, kuma saboda haka ne ake ɗaure hannun a ce mutum ya dawo bayan kwana 10 zuwa 14 a sake ɗauka, ko a tura shi hoton MRI, wato hoton cikin jiki da ke nuna abin da hoton ƙashi na yau da kullum ya kasa nunawa. Abin da ya sa ba a wasa da wannan ƙashi shi ne jini yana shigarsa ne ta ɓangaren da ke wajen yatsa, don haka idan ya rabu biyu, ɗaya ɓangaren yana iya rasa jini ya mutu. Idan an gano da wuri, filasta mai tauri da ake ɗaure karaya da ita ta mako 6 zuwa 12 takan wadatar. Idan an makara, sai tiyata da ƙusa, wani lokaci har da dashen ƙashi. Jan hannun da mai ɗori zai yi kuwa yana iya gusar da ƙashin daga mazauninsa.

Tsohon ɗan dambe: To, 'yata, mu da yawa ƙashin bayan ƙaramin yatsanmu ya lotsa saboda naushi, kuma ga mu muna noma da hannayenmu. Har yanzu ina ganin ba kowane ciwo ne na asibiti ba.

Ma'aikaciyar jinya: Wancan ƙashin da kake nufi, Baba, yana samun isasshen jini, shi ya sa yake haɗewa ko da a karkace. Wannan ba haka yake ba. Ƙanina, ka fara da babban asibitin da ke kusa da kai, ka nuna wa likita ainihin wurin da ke ciwo, ka faɗa masa yadda ka faɗi; idan akwai buƙata, shi zai tura ka Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano.

Mai tsaron gida: Na gode, Yaya. Zan je ranar Litinin in sha Allahu, amma Kawu ya ce sai ya ga hoton da idonsa kafin ya yarda.