Muna koyar da fasahar zamani da shifta, daga ina za mu fara gyara?

Malamar Tsangaya:
Assalamu alaikum. Shekarata 14 ina koyarwa a tsangayar ilimi ta jami'a, kuma akwai abin da ya tsaya mini a rai tun makon jiya. Na je duba ɗalibanmu masu koyarwar gwaji a wata ƙaramar sakandare. Ɗalibata tana darasin zagayawar jini, ta zana zuciya a allo, zanen bai fito ba, yara sun yi tsit suna kallonta. Wayarta kuwa na cikin jaka. Da aka tashi na ce mata, me ya hana ki nuna musu bidiyon minti biyu? Ta ce, "Malama, ai ban taɓa ganin an yi haka a aji ba."

Gaskiya ta faɗa, kuma ta yi mini ciwo. Kwas ɗin fasahar koyarwa ma shifta muke yi musu, su rubuta ma'anar majigi, su haddace, su ci jarrabawa. Majigin sashenmu yana kulle cikin kwalinsa, sai an rubuta takarda ake fito da shi. Alhali tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, jarrabawar TRCN, hukumar rajistar malamai, ma a kwamfuta za su yi ta. Ku da kuka gwada, da me kuka fara?

Malamin Lissafi:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Wuta ce matsalar. Na taɓa kwana ina shirya darasi, ina jona majigi aka ɗauke, ga ɗalibai fiye da 200 a zaune. Data kuma daga aljihuna. Tun ranar na koma alli.

Dattijon Sashe:
Malam, wuta na ciki, amma bari in faɗi abin da ba ma son faɗa. Kunya ce. Mutum ya kai shekara 60, ana ce masa Farfesa, ba ya son kwamfuta ta ƙi masa a gaban ɗan cikinsa. Sannan wurin ƙarin girma muƙalu ake ƙirgawa, ba mai tambayar yadda ka koyar. A 2020, lokacin da korona ta tilasta wa malaman duniya koyon Zoom, mu muna yajin aikin ASUU daga Maris har Disamba, damar ta wuce mu. Ni wani ƙaramin malami na kira ofis, na rufe ƙofa, na ce ya koya mini. Sati uku muka yi.

Ɗalibin Aji Huɗu:
Allah ya gafarta malamai, a yi mini afuwa. Ba sai da majigi ba. Wata malamarmu a darasin gwajin koyarwa takan sa mu ɗauki junanmu da waya, minti biyar, mu tura zauren WhatsApp na aji. Ranar da na kalli nawa na ga rabin darasin allo nake yi wa magana, na ba yara baya. Sau uku ana faɗa mini haka ban yarda ba, sai da na gani.

Malamar Tsangaya:
Na gode ƙwarai, ɗana, wannan zan iya shi ko babu wuta. Ranar Talata ina da rukunin mutum 12, da su zan fara, kuma ni za a fara ɗauka kafin kowa. Tambayata ɗaya: 'yan matan da ba sa son bidiyonsu ya shiga zauren da akwai maza, yaya malamar taku take yi da su?