Ƙanena tsohon soja ne a Amurka, yanzu a mota yake kwana

Maman Sadiya: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na daɗe ina juya maganar nan a raina, amma yau tura ta kai bango. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya shiga sojan ƙasa na Amurka a 2008, an kai shi Afganistan sau biyu, ya ajiye kaki a 2014. Tun da ya dawo ba shi ne yaron da muka sani ba. Ba ya barcin dare, ƙara kaɗan sai ya zabura, aiki ba ya wata uku a hannunsa. Ashe ɗakin da yake haya a nan Bronx ya kuɓuce masa tun watannin baya, mu ba mu da labari. Shekaranjiya da asuba maigidana ya gan shi cikin motarsa kusa da masallaci, ya lulluɓa da bargo, jakar kayansa a kujerar baya. Gidanmu ɗaki biyu ne, mu bakwai. Na ce ya zo ko falo ne, ya ce ba zai ɗora wa mijin yayarsa nauyi ba. Don Allah wanda ya san hanya ya nuna mana, ga sanyi ya shigo.

Ɗan Agadas: Wa alaikumus salam. Subhanallahi. Hajiya, kafin masana su iso, ga ta direban tasi: ki ja masa kunne kada ya yi barci da inji a kunne don neman ɗumi, balle in dusar ƙanƙara ta toshe salansa. Gubar da ke cikin hayaƙin ba ta da wari, sai dai a wayi gari mutum ya wuce a barci. Kuma duk daren da sanyi ya kai na daskarewar ruwa, birnin New York na shelar Code Blue, gidajen kwanan marasa muhalli ba sa mayar da kowa. A kira 311.

Saje Mai Ritaya: Ƙanwata, ki share hawayenki, wannan ƙofar na san ta. Na yi shekara ashirin a kaki, kuma na raka yara uku irin wannan tafiya.

Yau ɗin nan, ba gobe ba, a kira 877-424-3838. Layin ma'aikatar tsofaffin sojoji ne, wato VA, na waɗanda suka rasa wurin kwana. Kyauta ne, dare da rana, kuma ke 'yar uwarsa kina da ikon kira ko da shi bai yarda ba tukuna. In ƙafa ta fi masa sauƙi, ga babban asibitin VA nan a Kingsbridge Road, ya shiga ya ce yana son ganin masu kula da marasa muhalli.

Shirin tallafin da ya fi sauri a sanina shi ne SSVF. Tun 2011 ake yin sa. VA ce ke ba ƙungiyoyin agaji kuɗi, su kuma su biya wa tsohon soja kuɗin ajiyar da mai gida ke karɓa kafin ba da mukulli, da hayar wasu watanni, da bashin wuta, har da kuɗin kwashe kaya. Ba a hannunsa za a damƙa kuɗin ba, kai tsaye wurin mai gida suke zuwa. Akwai ma wani reshensa da ke ɗaukar wani kaso na hayar har shekara biyu.

Sai dai yadda kika kwatanta shi, ni HUD-VASH nake hango masa. Wannan shi ne na zama daram. Ma'aikatar gidaje ta ba da takardar tallafin haya, VA ta haɗa shi da jami'in da zai riƙa bibiyar lafiyarsa da lamurransa. Shi zai riƙa biyan kusan kashi 30 cikin 100 na abin da ke shigo masa, gwamnati ta cike sauran. Yana ɗaukar lokaci, shi ya sa ake fara sauke mutum a masaukin wucin gadi na shirin GPD, inda za a iya zama har wata 24.

Ki faɗa masa wannan daga bakina: ƙidayar Janairun 2024 ta sami tsofaffin sojoji 32,882 ba su da muhalli a Amurka. A 2010 sun ninka haka har da ɗoriya. Ta waɗannan ƙofofin aka rage su. Ba bara zai je ba, guminsa ne.

Maman Sadiya: Allah ya saka da alheri Saje, Allah ya raya zuri'a. Matsala biyu ke nan. Takardunsa na soja sun ɓace lokacin da aka fitar masa da kaya. Na biyu kuma shi ne babba: in ka ce masa marar gida sai ransa ya ɓaci, ya ce ai yana da mota, yana da 'yan uwa.

Saje Mai Ritaya: Takarda ba ta hana komai. Sunanta DD-214, takardar sallama. Ana neman wata kyauta daga ma'ajiyar bayanan ma'aikata da ke St. Louis, ta intanet ko da fom SF-180. Amma kada ku zauna jiran ta, sau da yawa jami'an na tabbatar da aikinsa a kwamfutarsu da sunansa da lambarsa ta Social Security. In ta zo, ku tabbata mai tsawon ce da aka rubuta Member 4, ku duba gida na 24. Nan aka rubuta irin sallamar da aka yi masa. Ko da ba ta cikakkiyar karramawa ba ce kada ya karaya, dokar da aka kafa a Janairun 2021 ta buɗe HUD-VASH ga masu sallamar da ake kira OTH, wato wadda ba ta karramawa ba. Kuma yana da shekara 15 daga ranar sallama ya nemi a sake duba ta da fom DD-293. Tunda 2014 ya fita, yana da sarari har 2029. Yara da dama an sallame su da laifin rashin ɗa'a alhali ciwon yaƙi ne ke cin su.

Maman 'Yan Biyu: Anti, matsalarki ta biyun nan ita ta ja mana asarar wata biyar, bari in faɗa miki don kada ki bi sawuna. Ƙanin maigidana ne, ya yi Iraƙi. Ranar da jami'a ta tambaye mu ina yake kwana, ni da bakina na ce yana wurinmu, ai mu ba ma barin namu a titi. Kunya ce ta sa ni, ina ganin rufin asiri nake yi masa. Alhali rabin mako a tashar jirgin ƙasa yake kwana. Matar ta rubuta abin da na faɗa, ba laifinta. Aka sa shi cikin masu matsuguni, waɗanda ke kan titi suka shiga gabansa, kuma haka ya kamata. Sai da muka koma muka faɗi gaskiya tsirararta. A wurinsu, wanda ke kwana a mota marar muhalli ne sak, kuma tsawon lokacin da ya yi a haka yana cikin abin da ake dubawa wajen wa za a fara ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya faɗi watan da ya fara, ya faɗi dare nawa, in yana shan wani abu don ya samu barci shi ma ya faɗa. Namu ya faɗa, ba a kore shi ba, magani aka haɗa masa da gidan.

Baba Alhaji: 'Yata, Allah ya yaye masa. Ni tawa shawarar ta tsofaffi ce. Yaron nan ƙasar ce ta ishe shi. A haɗa masa kuɗin jirgi ya je gida Kumasi, ya zauna cikin dangi, a yi masa addu'a da rubutu, in hali ya yi a yi masa aure. Kaɗaici ne rabin ciwonsa. Ni zan sa hannu a kuɗin tikiti.

Ɗiyar Zongo: Baba, Allah ya ƙara girma, maganar kaɗaici gaskiya ce. Amma ina roƙon a dakata da tikiti sai an amsa tambaya ɗaya. Anti, ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa kuwa, ko har yanzu katin zama ne a hannunsa? Ina aiki da baƙi masu neman takardu, na ga da yawa suna zaton rantsuwar shiga soja ta mayar da su 'yan ƙasa. Ba haka ba ne, sai ka cike ka nema. In katin zama ne kawai, ya wuce shekara a waje yana iya rasa shi. In kuma ya taɓa samun matsala da 'yan sanda, kada ya taka filin jirgi sai ya ga lauyan shige da fice, domin an sha korar tsofaffin sojoji daga ƙasar nan a kan haka. Abin daɗin shi ne, wanda ya yi aikin soja da mutunci daga 11 ga Satumba 2001 zuwa yau yana da hanya ta musamman, da fom N-400, kuma ba ya biyan kuɗin fom. Tallafin haya kuwa ba ya bin mutum zuwa Ghana. Ya samu ɗakinsa da fasfonsa tukuna, sannan ya je ya ga dangi da ƙafarsa, ya dawo lokacin da ya so.

Maman Sadiya: Wallahi ban sani ba, ban taɓa tambayarsa ba. Duk mun ɗauka an gama wannan tun yana barikin.

Baba Alhaji: To, an ji. Abin da babba bai hango ba yaro ya taka ya gani. Kuɗin tikitin yana nan, a juya shi inda ya fi amfani.

Hajiya Nas: Ni wurin barcin nan da zabura hankalina ya tsaya. Alamun PTSD ne, ciwon firgitar da ke bin wanda ya ga tashin hankali, kuma yana da magani. Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne, a haɗa duka. In yana ƙyamar babban asibiti, akwai Vet Center, ƙananan ofisoshi ne cikin unguwa na waɗanda suka je fagen daga, kyauta, yawancin masu ba da shawarar su ma sun sa kaki, kuma suna ganin iyali.

Anti, abin da zan faɗa yana da nauyi amma dole ne. Ki zaunar da shi ku biyu, ki tambaye shi kai tsaye ko tunanin kashe kansa na zuwa masa, kuma ko akwai bindiga a motar. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sauƙi take kawo masa. In ya ce e, a kira 988 a danna 1, layin tsofaffin sojoji ne. Tun Janairun 2023 tsohon sojan da ke cikin wannan hali yana iya shiga sashen gaggawa na kowane asibiti, VA ta biya. Sannan ki roƙe shi ya sa hannu a fom 10-5345 da sunanki, in ba haka ba doka ta hana su faɗa miki komai game da lafiyarsa, ko kina tsaye a gabansu.

Baban Ummi na Houston: Ni na riƙe takardar HUD-VASH da hannuna, shekara huɗu ke nan ina cikin gidana, alhamdu lillahi. Samun takardar rabin tafiya ne. Sai ka nemo mai gidan da zai karɓa, sai an zo an duba gidan an ce ya cancanta, kuma takardar tana da wa'adi. Na buga ƙofa ta fi goma. Ya nemi jami'insa ya ba shi sunayen masu gidajen da suka saba aiki da su, in wa'adi ya matso ya nemi ƙari a rubuce.

Kuma ya nemi diyyar naƙasar da ya samo a bakin aiki, kuɗi ne na wata-wata. Wanda ya yi Afganistan ya shaƙi hayaƙin ramukan ƙona shara, dokar PACT ta 2022 ta sauƙaƙa masa hujja a kan wasu cututtuka. Da can wasu na tsoron kuɗin diyyar zai haura da su sama da iyakar samun gida, amma a Agustan 2024 aka daina lissafa shi wajen tantance cancantar HUD-VASH. Ana dai lissafa shi wajen yanke abin da zai riƙa biya. Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su DAV da VFW da American Legion duk suna cike takardun nan kyauta. Duk wanda ya ce a ba shi kaso daga diyyar kafin ya shigar da buƙatar farko, a guje shi.

Ɗiyar Zongo: Ƙari a kan ta Baban Ummi: a birnin New York haramun ne mai gida ko dillali ya ƙi mutum don da takardar tallafi zai biya. In an ce masa ba a karɓa, ya adana saƙon, ya rubuta rana da adireshi, ya kai wa jami'insa.

Na'ibin Liman: Na san yaron, sahun farko yake sallar asuba, ban san halin da yake ciki ba. Allah ya yafe mana sakacinmu. Abin da muke iyawa: ya ba da adireshin masallaci don wasiƙunsa, ni zan riƙa karɓa da kaina. Kuɗin wayarsa na wata uku daga asusun zakka, don mutanen nan ta waya suke nema, in layi ya yanke an rasa shi. Kuma babu wanda zai ji daga bakina.

Maman Sadiya: Jama'a, na dawo. Jiya bayan isha'i na same shi a motar, na karanta masa saƙon Saje, wurin da ya ce guminsa ne. Ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce in buga lambar. Shi ya yi maganar da kansa, ya faɗa musu wata biyar ke nan. Tambayar Hajiya Nas ma na yi, ya ce tunanin yakan zo amma babu makami, mun kira 988 tare kafin na tafi. Katin zama ne a hannunsa, bai taɓa nema ba. An ce ya je Kingsbridge Road ranar Litinin da safe. Ya yarda ya kwana a falonmu zuwa ranar, amma ya ce ba ya son shiga asibitin da mace tana jan sa kamar yaro.

Saje Mai Ritaya: Ni zan kai shi. Ki ce ya jira ni a ƙofar masallaci ƙarfe bakwai da rabi, ya riƙo katin zamansa da lasisin tuƙi. In an tambaye shi, ya faɗa musu kwana uku kawai aka ara masa falon, motar ce gidansa.