Sarrafa na'urar NMR daga nesa: abin da malamai da ɗalibai suka gani

Malamin kemistiri: 'Yan'uwa, kwalejinmu ba ta da ƙarfin sayen na'urar NMR, wadda ke amfani da ƙarfin maganaɗisu wajen gano tsarin sinadarai, balle ɗawainiyar zuba mata ruwan hiliyom da ke sanyaya maganaɗisunta zuwa kusan digiri 269 ƙasa da sifili. Saboda haka muka ƙulla yarjejeniya da wata jami'a, muna aika musu samfura a cikin bututun gilashi mai faɗin milimita 5, ɗalibai kuma su shiga kwamfutar na'urar ta intanet su zaɓi gwajin da za a yi. Ina neman jin ta bakin waɗanda suka riga mu bin wannan hanya.

Ɗaliba: Malam, a sakamakona na farko na ga wani dogon tsini a zanen da na'urar ta fitar, a daidai 2.17 ppm (ma'aunin da ke nuna wurin kowane tsini), na kwana biyu ina ƙoƙarin liƙa shi ga sinadarin da na haɗa. Ashe ragowar asiton ne da na wanke bututun da shi, ban bari ya bushe ba. Tsinin da ke 7.26 kuwa na kuloforom ɗin da na narkar da samfurin ne, wannan an riga an koya mana. Da ina tsaye kusa da wanda ya saba da aikin, da kallo ɗaya zai faɗa mini.

Mai kula da na'ura: Ni ne ke ɗaya ɓangaren, kuma ina so a sani cewa duk da ana cewa daga nesa, hannun mutum ne ke jera bututun a cikin na'urar. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne samfurin da bai narke sarai ba, ko wanda aka zuba kaɗan, domin a lokacin daidaita maganaɗisu ba ya yiwuwa yadda ya kamata, tsinayen su fito da faɗi, ɗalibi kuma ya ɗauka na'urar ce ta lalace. Sai batun layin jira. Gwajin haidurojin na ƙarewa cikin 'yan mintuna, amma na kabon yana daɗewa, domin kabon-13, nau'in kabon da na'urar ke gani, kashi 1.1 ne kawai cikin ɗari na kabon, kuma in ana son ninka kyawun sakamako sau biyu, sai an ninka yawan awon sau huɗu. Shi ya sa nake ajiye irin waɗannan gwaje-gwaje sai dare.

Malama: Mu katsewar intanet ce ta fara tsorata mu, daga baya muka fahimci cewa awon yana ci gaba a can ko da allonmu ya tsaya. Shawarata, Malam, kada ka yarda a turo wa ɗalibanka hoton sakamako kawai. Su sauke ɗanyen bayanin, su sarrafa shi da kansu, su gyara layin ƙasa da tsinayen ke tsaye a kai, su auna faɗin kowane tsini. Sau ɗaya a zango kuma nakan kai nawa su ga na'urar ido da ido, su cire makullai da katin banki kafin su matsa kusa da maganaɗisun, kowa ya saka bututunsa da hannunsa.